Muryar Uwa, Waƙar Waya ko Kiɗan Mozart: Wanne Ya Dace da Kunnen Ƙaramin Yaro?

Kunnen jariri yakan fara aiki tun kafin a haife shi. Daga wajen wata na shida zuwa na bakwai na ciki, ɗan tayi yana jin bugun zuciyar mahaifiyarsa da hawa da saukar muryarta, ko da yake kalmomin kan iso masa a dushe, kamar maganar da ake jiyowa ta bayan bango. A shekarar 1980 wasu masu bincike biyu a Amurka, Anthony DeCasper da William Fifer, sun nuna cewa jariran da ba su wuce kwana uku da haihuwa ba suna canza yadda suke tsotson robar da aka sa musu a baki domin a sake jiyar da su muryar uwarsu maimakon ta wata mace. Ke nan a ranar da iyaye suka fara tunanin irin waƙar da za su jiyar da ɗansu, shi ɗan ya daɗe da fara saurare, har ya riga ya yi zaɓinsa na farko. Abin da ya rage wa iyaye shi ne tantance abin da za a ɗora a kan wannan, kuma a yau abin ɗorawar ya yi yawa. Akwai waƙar da suke rerawa da bakinsu, akwai waƙoƙin reno da na wasa da aka gada, ga waƙoƙin yara da suka cika waya da talabijin da kayan wasa masu batir, ga kiɗan Turai na da, irin na shahararren mai tsara kiɗan nan Mozart, wanda aka daɗe ana cewa yana ƙara wa jariri basira, sannan ga waƙoƙin manya da su iyayen ke saurare a gida da cikin mota.

Kafin a jera waɗannan a gwada, ya kamata a san mudun da za a auna su da shi. A ganina tambaya mafi nauyi ita ce ko yaron zai iya shiga cikin waƙar, wato ya amsa, ya tafa, ya motsa jiki, ko kuwa za ta riƙa wucewa ta kansa ne yana zaune. Bayan wannan sai ƙarfin sautin da ke isa kunnensa, sai kalmomin da zai haddace, sai dacewar waƙar da lokacin da aka kawo ta, domin wadda ta dace da hantsi ba ita ce ta dace da lokacin kwanciya ba. Batun ƙarin basira kuwa, wanda shi ne masu sayar da kaya suka fi kwarmatawa, zan zo kansa, amma bai cancanci ya zama ma'auni na farko ba.

Muryar uwa ko uba ita ce ta fi cika waɗannan sharuɗɗa, kuma dalilin ba na tausayi ba ne kawai. Mai rera wa jariri waƙa yana kallon fuskarsa, saboda haka ba tare da ya yi niyya ba yakan ja waƙar a hankali idan ya ga idon yaron ya fara lumshewa, ya ɗaga murya idan ya ga murmushi, ya dakata a tsakiyar baiti domin yaron ya yi gwarancinsa, sannan ya ci gaba. Babu na'urar da ke yin wannan. A shekarar 2016 Samuel Mehr da abokan aikinsa a Jami'ar Harvard sun wallafa wani gwaji da suka yi da jarirai 'yan wata biyar. Wasu daga cikinsu iyayensu ne suka riƙa rera musu wata sabuwar waƙa a gida, wasu kuma abin wasa ne ya riƙa jiyar da su ita. Da aka kawo su gaban baƙi biyu, ɗaya ya rera waƙar da suka sani, ɗayan ya rera wata daban, sai jariran da suka koyi waƙar daga bakin iyayensu suka fi zuba ido ga wanda ya rera tasu, kamar sun ga ɗan gida. Waɗanda suka koya daga abin wasa ba su nuna wannan fifiko ba, duk da cewa su ma sun ji waƙar sau da yawa. Hausawa na cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma ga jariri mai waƙar shi ne wanda ke ɗauke da shi.

Iyaye da yawa kan ce ba su da murya. Wannan damuwa ce ta babba, domin jariri ba ya auna zaƙin murya da ma'aunin gasar mawaƙa, abin da ke jan hankalinsa shi ne sanin muryar da kuma jin cewa shi ake nufi da ita. Sai dai a yi adalci, muryar gida tana da iyakarta. Uwa tana gajiya, waƙoƙin da ta sani ƙila ba su wuce biyar ko shida ba, kuma ba za ta iya nuna wa yaro yadda amon sarewa ya bambanta da na goge ba. Akwai kuma wata matsala da ba a cika lura da ita ba, musamman daga ɓangaren maza: babba yakan rera waƙa da murya ƙasa-ƙasa, a inda maƙogwaron ƙaramin yaro ba zai iya sauka ya bi shi ba. Yaro ɗan shekara biyu zuwa huɗu matakan murya kaɗan yake iya kamawa, kamar biyar ko shida, kuma suna can sama da inda muryar namiji ta saba zama. Uban da ke son ɗansa ya riƙa amsa masa sai ya siranta murya ya ɗaga ta kaɗan, ko da hakan ya sa shi jin kunya da farko.

To, me za a rera? A nan ne waƙoƙin gado suke da fifikon da wuya a ƙwace musu. Waƙar reno da waƙar wasa abubuwa biyu ne daban, kuma kusan kowace al'umma a duniya tana da su duka. Ta reno tana tafiya a hankali, karinta na sauka ƙasa, tana maimaita kanta har sai jiki ya saki. Ta wasa tana da sauri, tana da amshi, ana haɗa ta da tafi ko taɓa yatsu ko jijjigawa a kan cinya. An gwada tasirin waƙar reno a Harvard da jarirai 144 na Amurka, inda aka kunna musu waƙoƙin wasu al'ummai da ba su taɓa jin harshensu ba, sai aka ga bugun zuciyarsu ya ragu lokacin da waƙar ta reno ce fiye da lokacin da wata iri ce. A Jami'ar Montreal ta Kanada kuma, Mariève Corbeil da Sandra Trehub da Isabelle Peretz sun kunna wa jarirai waƙar wasa da Turkanci, suka ga sun yi kamar minti tara kafin su fara ƙosawa, alhali da aka kunna musu magana ba su wuce kamar minti huɗu ba. Waɗannan waƙoƙi sun tsira ne saboda suna aiki. Duk wadda ta yi wa yara tsawo ko wuyar kamawa ta faɗi a hanya tun zamanin kakanni, waɗanda suka iso mana su ne gajeru, masu ƙaramin kari da yawan maimaici. Wannan ne ya sa Zoltán Kodály, masanin kiɗa na ƙasar Hangari da ya rasu a 1967, ya gina tsarin koyarwarsa a kan rera waƙoƙin gargajiyar da yaro ya tashi a cikin harshensu, kafin a miƙa masa wani kayan kiɗa.

Aibin waƙoƙin gado yana cikin kalmomin wasu daga cikinsu. A harsuna da dama akan sami waƙar reno mai tsoratarwa da dodo ko wata dabba da za ta zo ta ɗauke yaro in bai yi shiru ba, akan kuma sami waƙar wasa mai yi wa nakasasshe ko baƙo ba'a. Jariri ɗan wata huɗu bai san me ake cewa ba, amma ɗan shekara uku ya sani, kuma yana iya kwana da tsoron abin da aka rera masa don ya yi barci. Maganin wannan mai sauƙi ne, tunda waƙar baka ba ta da mai hana a taɓa ta: a riƙe karin, a canza kalmar, a sa sunan yaron a ciki. Yara kan fi son waƙar da suka ji sunansu a cikinta fiye da kowace.

Waƙoƙin yara na kasuwa su ne suka fi wuyar yanke wa hukunci, domin abubuwa uku ne aka haɗa a ƙarƙashin suna ɗaya. Akwai waƙar da ake saurare kawai, akwai wadda aka haɗa da zane mai motsi a bidiyo, sannan akwai wadda ke fitowa daga kayan wasa idan an danna maɓalli. Ta farkon tana da amfani na gaske. Tana koya wa iyaye sababbin waƙoƙin da za su rera da kansu daga baya, tana taimaka wa yaro ya haddace ƙirga da sunayen gaɓoɓin jiki da ranakun mako, tana kuma riƙe shi a doguwar tafiya. Amma ko a cikin wannan rukunin ana buƙatar tacewa, domin da yawa an yi su ne da muryoyin manya masu hawa can sama su sauko can ƙasa, da sauri mai yawa, da tarin amo iri-iri da ke binne kalmomin. Gwajin da nake ba da shawara shi ne a kashe na'urar a ga ko babba zai iya rera waƙar da bakinsa bayan ya ji ta sau biyu ko uku. In ta gagari babba, ta riga ta gagari yaro, kuma in babu abin da ya rage daga gare ta bayan an cire kiɗan kwamfuta, to da ma babu waƙa a wurin.

Bidiyo kuwa wani lamari ne daban, kuma a nan ne iyaye suka fi ruɗuwa, don suna ganin waƙa suka ba yaro alhali kallo suka ba shi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2019, ta ce kada a zaunar da jariri da ɗan shekara ɗaya gaban allo, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ma ya fi. Wani gwaji da Patricia Kuhl ta yi a Jami'ar Washington a 2003, ko da yake a kan harshe ne, ya nuna bambancin da ke tsakanin mutum da allo. Jarirai 'yan wata tara da suka yi zama 12 da masu yi musu Sinancin Mandarin ido da ido sun iya bambance sautukan harshen, waɗanda kuma suka kalli masu maganar a bidiyo ba su koyi komai ba. Sannan manhajojin bidiyo irin su YouTube sukan kawo waƙa ta biyu da kansu da zarar ta farko ta ƙare, da talla a tsakani, ta yadda zaɓin ya fita daga hannun uwa tun bayan minti uku na farko. Wanda ya ga dole sai ya yi amfani da wayar, gara ya tara waƙoƙin da ya saurara da kansa tukuna, ya kashe tsarin ci gaba da kai, ya kifa wayar ko ya ajiye ta inda yaro ba ya ganin allonta. Kayan wasa masu batir su ne na ƙarshe a jerin, don amonsu siriri ne mai tsini, waƙarsu guntuwa ce da ba ta kai ƙarshe, kuma yaro yakan manna su a kunnensa.

Sai batun Mozart, wanda ya cancanci a warware shi dalla-dalla saboda yawan kuɗin da aka kashe a kansa. A 1993 Frances Rauscher da Gordon Shaw da Katherine Ky na Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine sun wallafa wani gajeren rahoto a mujallar Nature. Ɗaliban jami'a 36 suka sa suka saurari minti goma na wani kiɗan piyano na Mozart, sai aka ga sun ɗan fi ƙoƙari a wata jarrabawa ta hango siffar abu a zuci, kuma wannan fifiko ya gushe cikin minti goma zuwa sha biyar. Babu jariri ko ɗaya a cikin gwajin, kuma masu binciken ba su ce kiɗan yana ƙara basira ta dindindin ba. Duk da haka labarin ya bazu har a 1998 gwamnan jihar Jojiya ta Amurka, Zell Miller, ya nemi a ware dala 105,000 domin a ba kowane jariri da aka haifa a jihar faifan irin wannan kiɗa. A 2010 masu bincike a Jami'ar Biyana ta ƙasar Ostiriya sun tattara gwaje-gwaje kusan 40 da suka ƙunshi mutum sama da 3,000, suka tarar da cewa ɗan abin da ake gani bai keɓanta da Mozart ba, ana samun kusan irinsa da wasu kaɗe-kaɗen. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne duk abin da ya wartsakar da mutum ya faranta masa rai yakan sa ya ɗan fi ƙoƙari na ɗan lokaci.

Wannan bai mayar da kiɗan Turai na da abin banza ba, ya dai sauke shi ne daga matsayin magani zuwa matsayin kiɗa. Yana da abin da waƙoƙin yara na kasuwa ba su da shi, wato amon kayan kiɗa na gaske da bambanci tsakanin taushi da ƙarfi, kuma ba shi da kalmomin da za a ji tsoro. Sai dai an tsara mafi yawansa ne don babban da zai zauna minti talatin ko arba'in, hankalin ɗan shekara biyu kuwa ba ya kai haka. Akwai kuma tarko a cikinsa: wani sashe yakan yi ƙasa har a ƙara murya don a ji, sai kwatsam dukan makaɗan su taso gaba ɗaya, yaron da ya fara gyangyaɗi ya firgita. Mai son gabatar da shi ga yaro ya zaɓi guntaye na minti biyu zuwa uku, waɗanda kayan kiɗa ɗaya ko biyu ke jagoranci, ya kuma gaya wa yaron sunan abin da yake ji. Wannan hukunci ya hau kan kowane kiɗa marar waƙa, daga kowace nahiya ya fito. Molo ko sarewa ko ganga guda da ake bugawa a tsanake ba su gaza piyano da komai ba a wajen kunnen yaro.

Hasali ma akwai hujjar da ke goyon bayan faɗaɗa abin da jariri ke ji tun da wuri. A 2005 Erin Hannon da Sandra Trehub sun gwada jariran Arewacin Amurka da kaɗe-kaɗen raye-rayen yankin Balkan, irin na Bulgeriya da Masedoniya, waɗanda bugunsu ba ya rabuwa daidai-wa-daida kamar na kiɗan da aka saba ji a Amurka. 'Yan wata shida sun gane duk lokacin da aka ɓata tsarin bugun, abin da ya gagari manyan ƙasarsu. Da aka kai wata goma sha biyu wannan iyawa ta fara dushewa, amma sauraron mako biyu a gida ya dawo wa jariran da ita, manya kuwa irin wannan sauraro bai kai su ko'ina ba. Kunne yana rufewa a kan abin da ya saba, kamar yadda harshe ke yi. Don haka tsakanin gidan da ake jin salo ɗaya tak da gidan da ake ɗan zagayawa, na biyun ya fi, muddin sabon yana shigowa kaɗan-kaɗan a gefen waƙoƙin da yaro ya riga ya sani.

Waƙoƙin manya na zamani fa? Ba zan ce a hana su gaba ɗaya ba, domin yaro yana koyon son waƙa ne daga ganin iyayensa suna jin daɗinta, kuma uwar da ke rausayawa da waƙar da take so da gaske ta fi wadda ke jure wa waƙar yara don dole. Bugu mai ƙarfi ma yana jan yara. Marcel Zentner da Tuomas Eerola sun lura da yara 120 masu wata biyar zuwa shekara biyu a wani bincike na 2010, suka ga suna motsa jiki da kiɗa fiye da yadda suke yi da magana, har da bugun ganga zalla, kuma yawan dacewar motsinsu da bugun yana tafiya tare da yawan murmushinsu. Matsalar tana cikin kalmomi. Daga shekara biyu yaro yana kwashe duk abin da ya ji, kuma amshi, wanda shi ne ya fi maimaituwa, shi ne ya fi saurin shiga bakinsa. Batsa da ashar da zambo da yabon shaye-shaye sukan fito daga bakin ɗan shekara uku a gaban baƙi, da karinsu daidai. Kasancewar waƙar da wani harshe take ba kariya ba ce, don yaro zai haddace sautin, ma'anar kuma ta same shi daga baya. Ka'idar da ta fi sauƙi ita ce a karanta kalmomin waƙar ba tare da kiɗa ba, in babba ba zai so ya faɗe su a gaban yaron da magana ba, kada ya bari a rera masa su. Iyalan da ke guje wa kayan kiɗa saboda addini, waɗanda ake samu a sassa da dama na duniya, ba su yi asarar abu mafi muhimmanci ba, tunda murya da kari da amshi da jijjiga duk suna hannunsu.

Duk wanda aka zaɓa daga cikin waɗannan, ƙarfin sauti yana iya ɓata shi. A cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi da ke karɓar sauti, kuma idan ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa. Da desibel ake auna ƙarfin sauti, kuma hira ta yau da kullum tana wajen desibel 60. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya suka fitar a 2019 ya sa iyakar babba a desibel 80 na awa 40 a mako, ta yaro kuma a desibel 75, kuma duk ƙarin desibel uku yana rage lokacin da ke da aminci da rabi. A 2014 wasu likitoci a Toronto sun auna na'urori 14 da ake sayarwa don sa jarirai barci, suka ƙure muryarsu, sai suka tarar dukansu sun haura desibel 50, iyakar da ba a so a wuce a ɗakin jarirai na asibiti, idan an ajiye su santimita 30 daga kan jariri, uku daga cikinsu ma sun haura 85. Saboda haka lasifikar da ke nesa a ɗaki ta fi wayar da aka ajiye kusa da matashi, ita kuma ta fi abin saƙalawa a kunne, wanda bai kamata ƙaramin yaro ya saba da shi ba tunda babba ba ya jin abin da ke shiga. In sai an ɗaga murya kafin a yi magana da wanda ke kusa, kiɗan ya yi yawa. A taron da aka ƙure lasifika kuma, wurin jariri shi ne can nesa da ita, ko waje.

Akwai wata illa ta biyu da ba ta kurmanta amma tana ragewa, ita ce kiɗan da ake bari yana tashi daga safe har dare. Ƙaramin yaro bai kai babba iya tsamo magana daga cikin hayaniya ba, kuma a shekarun da yake koyon harshe yana buƙatar jin kalmomi tsaf. Waƙar da ba ta tsayawa takan zama kamar ƙarar fanka, ba a saurarenta, tana dai toshe abin da ya kamata a ji. Minti goma da aka zauna aka saurara tare, aka kashe, ya fi awa biyar na kiɗan da ba mai kula da shi.

A Jami'ar McMaster ta Kanada an gwada wannan bambanci kai tsaye. David Gerry da Andrea Unrau da Laurel Trainor sun raba jarirai 'yan wata shida gida biyu na tsawon wata shida, sun kuma wallafa sakamakon a 2012. Rukuni ɗaya suna zuwa aji tare da iyayensu ana rera waƙa ana buga ƙananan ganguna ana motsi, ɗayan kuma suna wasa ne kawai kiɗa na tashi a bayansu. Na farkon sun fi nuna fahimtar tsarin kiɗan, sun fi amfani da ishara irin ta nuni da ɗaga hannu, sun kuma fi saurin lallasuwa. Tun a 2005 Trainor da Jessica Phillips-Silver sun nuna cewa yadda aka jijjiga jariri ɗan wata bakwai, a kowane bugu na biyu ko na uku, shi ke tsara yadda zai ji kiɗan daga baya. Jiki ne ke koya wa kunne, shi ya sa waƙa mai sauƙi da aka yi a kan cinya ta fi waƙa mai daraja da aka saurara a kwance.

Idan aka bi shekaru, nauyin kowane zaɓi yana sauyawa. Daga haihuwa zuwa wata shida murya ta wadatar, sai ɗan kiɗa mai taushi jefi-jefi. Daga nan zuwa lokacin rarrafe da tatata waƙar wasa ce ke kan gaba, tare da abin kaɗawa a hannu, kuma a nan ne ya fi dacewa a riƙa shigo da salon wasu al'ummai. Ɗan shekara biyu zuwa uku zai nemi waƙa ɗaya sau ashirin a rana, abin da ke gajiyar da babba amma shi ne hanyar koyonsa, don sai ya san abin da ke zuwa sannan yake iya shiga, saboda haka a bar shi da ita, a ajiye sabuwa a gefenta. Kada kuma a matsa masa kan tafin da bai dace da bugu ba, yawancin yara sai wajen shekara huɗu ko biyar suke fara riƙe bugu daidai. Daga shekara huɗu ana iya tsawaita sauraro, a tambaye shi me ya ji, a bar shi ya zaɓa tsakanin waƙoƙi biyu da aka riga aka tace.

Yaron da kansa yakan ba da amsa in an kalle shi. Wanda ya tsaya cak ya juyo, ko ya fara lilo da jiki, ko ya yi gwaranci a inda aka dakata, ya karɓi waƙar. Wanda ya kau da kai, ya gantsare, ya toshe kunne ko ya fara kuka, abin ya yi masa yawa, kuma a kashe ya fi a canza masa wata. Wasu yara sun fi wasu jin zafin ƙara, ba kuwa taurin kai ba ne. Jaririn da ba ya firgita da ƙara mai ƙarfi, ko ya kai wata shida ba ya juyowa wajen murya, ko ya doshi shekara ba ya gwaranci, a kai shi a auna jinsa ba tare da jira ba, domin matsalar ji da aka gano a watannin farko ta fi sauƙin taimakawa fiye da wadda aka gano bayan lokacin fara magana ya wuce.